HARAJIN DA KE CIKIN TAKARDAR LASISIN MANHAJA

Bayani domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Birnin Gwari

A cikin watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan ta yi shekaru a rufe saboda rashin zaman lafiya a daji. Inda ciniki ya komo kuwa, rubutu da lissafi sai su biyo shi. Amma rubutun yanzu ba na alƙalami da tawada kaɗai ba ne. Ofishin Ƙaramar Hukuma, da makarantu, da asibitoci, da ƙungiyoyin gama kai na manoma, har da manyan 'yan kasuwar hatsi, da yawansu da kwamfuta su ke ajiye lissafinsu. Kwamfuta kuwa ba ta aiki sai da manhaja, watau tsarin umurni da a ke zuba mata domin ta yi rubutu, ko ta lissafta albashi, ko ta riƙe sunayen mutane. Galibin manyan manhajojin nan na kamfanonin ƙasashen waje ne, kuma kowace tana zuwa da doguwar takardar yarjejeniya da Turanci, wadda mutane su kan yarda da ita ba su karanta ba.

A cikin takardar nan akwai maganar haraji. Gaskiya ne a Oktoba 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Dokar Jiha ta 2016 kuma ta mai da tara kuɗin shiga a hannun hukumar KADIRS, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Duk da haka ƙofar Hakimi ce talakawa su ke fara zuwa in wata takarda ta rikitar da su, malaminsa kuwa shi a ke miƙa wa a ce ya duba. Saboda haka wajibi ne su san abin da lasisin manhaja ke ɗora wa wanda ya sa hannu.

LASISI BA SAYE BA NE

Dattawan ƙasar nan ba za su sha wuyar gane wannan ba. A 1936 aka keɓe gandun daji na En'e ta Birnin Gwari, wanda cikin watan Mayu na 1999 ya zama Gandun Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,120. Yanzu ba a yarda a sari itace a cikinsa ba. Amma a zamanin En'e, a dazuzzukan da aka yarda, in mai tsaga katako yana son maɗaci ko kawo, sai ya je wurin malamin daji ya biya kuɗi a ba shi takardar izini. Takardar ta faɗi itace nawa zai sara, a wane wuri, zuwa wane lokaci. Ba ta ba shi dajin ba. Haka kuma masu haƙar zinariya a wajen Tsohon Birnin Gwari cikin shekarun 1930. Lasisi ya ba su ikon haƙa, amma ma'adinin ƙasa na Gwamnati ne, kuma ban da kuɗin lasisi akwai wani kaso da su ke biya gwargwadon abin da suka haƙo.

To, haka manhaja ta ke. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta lissafa ta cikin rubuce-rubuce, kamar littafi. Wanda ya biya kamfanin Microsoft kuɗi domin ya yi rubutu da manhajarsa bai mallake ta ba. Izini ya samu ya yi aiki da ita a kwamfuta kaza, har tsawon wata kaza. Doka kuwa tana duban kuɗin izinin nan ta fuska biyu. A wurin mai biya, kuɗin wata hidima ne da ya mora cikin Nijeriya. A wurin mai karɓa, samu ne da ya fito daga Nijeriya. Kowace fuska da harajinta, kuma abin da ke ba mutane mamaki shi ne, sau da yawa duka biyun a wuyan mai biya a ke neman su.

HARAJIN SAYE

Na farko shi ne harajin saye, wanda kowa ya sani da sunan VAT. An kafa shi da doka ta 102 ta 1993, ya fara aiki ran 1 ga Janairu 1994 a kan kashi 5 cikin 100. Ran 1 ga Fabrairu 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5. Ran 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka fara aiki da babbarsu ran 1 ga Janairu 2026. Sun bar VAT a kan kashi 7.5, sai dai hukumar haraji ta Tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS.

Wannan haraji na mai saye ne. Mai sayarwa ɗan aike ne kurum: ya ƙara shi a kan farashi, ya karɓa, ya miƙa wa Gwamnati. In dillalin manhaja na Kaduna ne ko Kano, ba wata wahala, gama zai rubuta harajin a takardar neman biya. Inda a ke rikicewa shi ne in mai manhajar yana ƙetare. Da can mutane sun ɗauka in baƙo bai rubuta haraji a takardarsa ba, shi ke nan ba wanda za a tambaya. Shari'ar kamfanin Vodacom ce ta kashe wannan zato. Kamfanin ya sayi hanyar sadarwa ta tauraron ɗan Adam daga wani kamfani na ƙasar Holan, wanda bai sa VAT a takardunsa ba. Hukumar haraji ta ce Vodacom ya biya, ya ƙi, aka yi ta shari'a har Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 2019 kotu ta yanke cewa tun da a Nijeriya aka mori hidimar, harajin ya wajaba, kuma kamfanin da ke nan gida shi zai biya. Daga baya aka rubuta wannan a cikin doka ƙarara.

Daga 1 ga Janairu 2022 kuma aka fara sa manyan kamfanonin ƙetare su karɓi harajin da kansu su aiko wa Nijeriya. Shi ya sa masu talla a Facebook suka ga ƙarin kashi 7.5 tun daga wannan wata. Aikin malami a nan shi ne ya duba takardar neman biya da kyau. In baƙon ya riga ya karɓa, kada a biya sau biyu. In bai karɓa ba, bashin yana kan ofishin da ya saya. Ma'aikatun Gwamnati kuwa, har da na Ƙananan Hukumomi, da daɗewa doka ta sa su riƙe VAT daga kuɗin ɗan kwangila su miƙa wa hukumar haraji da kansu.

Kada a ɗauka kuɗin nan ɓata su ke yi a Abuja. Bisa sabon rabo, kashi 10 cikin 100 na VAT ne na Gwamnatin Tarayya, 55 na Jihohi, 35 na Ƙananan Hukumomi. Watau akwai rabon Birnin Gwari a ciki, ko da ya ke sai ya zaga kafin ya iso.

HARAJIN RIƘO

Na biyu ya fi wuya, shi ne kuma wanda ya fi jefa akawuna cikin wahala. Harajin samu ne na mai manhaja, ba na mai saye ba. Amma da ya ke Gwamnati ba ta da yadda za ta bi kamfanin da ke Amurka ko Ailan ta ce ya kawo, sai ta ce wa mai biya ya yanki wani kaso tun kuɗin na hannunsa, ya miƙa mata da sunan mai manhaja. Wannan shi a ke nufi da harajin riƙo. Malaman da suka ji labarin jangali sun san dalilin. Tun shanu na mashaya a ke ƙirga su, domin in suka shiga daji ba mai sake ganinsu sai baɗi.

Ƙa'idodin 2024, waɗanda suka fara aiki sosai ran 1 ga Janairu 2025, sun faɗi adadin. Kuɗin haƙƙin mallaka, in kamfani za a biya, na gida ko na ƙetare, kashi 10 a ke riƙewa. In mutum ɗaya ne, kashi 5. Kuɗin aikin gwaninta, irin na kafa manhaja da gyaranta, kashi 5 ne ga na gida, 10 ga baƙo. Kayan da ɗan kwangila na gida ya kawo kuwa kashi 2 ne. Akwai ƙasashen da Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar haraji da su har aka rage adadin zuwa 7.5, kamar Sin da Afirka ta Kudu. Amma babu irin wannan yarjejeniya da Amurka ko Ailan, ga shi kuwa daga can yawancin takardun neman biyan manyan kamfanonin manhaja ke fitowa.

Ba kowa ne ke riƙo ba. Mutum ɗaya da ya sayi manhaja domin amfanin kansa babu ruwansa. Amma ma'aikatar Gwamnati, da kamfani, da ƙungiya, da kowace irin hukuma, ko da ita kanta ba ta biyan haraji, tilas ne ta riƙe. An yi wa ƙananan kamfanoni sassauci in abin da za su biya cikin wata bai wuce naira miliyan 2 ba, kuma mai sayarwa yana da lambar haraji. Sa'an nan a lura da inda a ke kai kuɗin. In wanda aka yanka wa kamfani ne, ko baƙo, na NRS ne. In mutum ɗaya ne mazaunin Jihar Kaduna, kamar saurayin da ya rubuta wa makaranta manhajar ajiye sakamakon jarrabawa, na KADIRS ne. Kai kuɗin wannan hukuma wurin waccan ba ya sauke bashi.

Akwai wata gardama a nan da ta dami alƙalai a ƙasashe da yawa. Shin wanda ya biya kuɗi domin ya yi aiki da manhaja kawai, kuɗin haƙƙin mallaka ya biya, ko kuwa kamar wanda ya sayi littafi guda ne a kanti? Mai sayen littafi ai bai sayi ikon buga shi ba. A watan Maris na 2021 Kotun Ƙoli ta Indiya ta yanke cewa irin wannan biya ba kuɗin haƙƙin mallaka ba ne, don haka babu riƙo. A ƙarshen wannan shekara Babbar Kotun Kenya ta bi hanya ɗaya a shari'ar kamfanin Seven Seas, amma a 2024 majalisar ƙasar ta gyara doka ta shigar da manhaja cikin kuɗin haƙƙin mallaka. Hukuncin Indiya ba ya aiki a Kaduna, kuma ba a ofishin Hakimi za a warware abin da ya raba kan manyan alƙalai ba. In dillali ya zo da wannan hujja ya ce kada a yanka masa kashi 10, abin yi shi ne a rubuta wa ofishin haraji, a aika da kofen yarjejeniyar, a nemi amsa a rubuce, a ajiye ta cikin fayil. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta 2025 ta buɗe ƙofar neman irin wannan fatawa tun kafin a biya.

SHARAƊIN DA KE CAN ƘASAN TAKARDA

Yanzu sai takardar kanta. Kusan kowace yarjejeniyar manhaja tana da sharaɗi a kan haraji, galibi can wajen ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe. Iri uku a kan gani. Wani ya ce farashin bai haɗa da haraji ba, mai saye zai biya abin da ya hau. Wannan VAT ya ke nufi, ba kuwa laifi. Wani ya ce in dokar ƙasar mai saye ta tilasta riƙo, to a riƙe, amma a aiko da rasit na Gwamnati domin kamfanin ya nuna a ƙasarsa a rage masa. Wannan shi ne mai kyau. Na ukun shi ne abin tsoro. Ya ce tilas kuɗin kamfani su isa gare shi cif, ba ragin ko kwabo, in kuwa doka ta ce a riƙe wani abu, mai saye ya ƙara daga aljihunsa har adadin ya cika.

Ga misali da lissafi. A ce ofishi ya ɗauki lasisin manhajar albashi na shekara guda a kan naira 1,000,000 daga kamfanin ƙetare, kuma an tabbatar kuɗin haƙƙin mallaka ne. In sharaɗi na biyu ne, VAT naira 75,000 ne, riƙo kuma 100,000, domin a kan asalin farashi a ke lissafa shi, ban da VAT. Kamfani ya karɓi 900,000 da rasit na 100,000. Abin da ya fita daga baitulmali duka 1,075,000 ne.

In kuwa sharaɗi na uku aka sa wa hannu, ba 100,000 za a ƙara ba, kamar yadda akawu mai gaggawa zai yi tsammani. Sai an nemi adadin da in an cire masa kashi 10 zai bar miliyan guda daidai, shi ne 1,111,111. Riƙo ya zama 111,111, VAT kuma ya hau zuwa 83,333, jimla 1,194,444. Bambanci tsakanin takardun biyu naira 119,444 ne kowace shekara, a kan manhaja ɗaya tak, saboda layi biyu na Turanci. Ba a sa wannan kuɗi cikin kasafi ba, mai binciken kuɗi kuwa zai tambayi inda ya fito. Har wa yau ƙa'idodin 2024 sun faɗa a fili cewa riƙo ba wani haraji ne na dabam ba, ba kuwa ƙari ne a kan kuɗin kwangila ba. Ofishin Gwamnati da ya yarda da sharaɗi na uku ya ɗauki harajin baƙo ya ɗora wa talakawansa. Irin wannan sharaɗi tun kafin sa hannu a ke neman a soke shi. Ƙananan kamfanoni su kan yarda in an matsa. Manya ba su cika sauya takardarsu domin ƙaramin mai saye ba.

Saboda wannan, ga ofishi irin na gunduma ko makaranta, ya fi sauƙi a sayi lasisi ta hannun dillali na gida mai rajista. Wanda ya biya da katin banki ta intanet, kuɗin duka a ke zara nan take, babu damar riƙe kome, amma doka ba ta yafe wa ofishinsa ba. Dillali na gida kuwa zai ba da takardar neman biya da naira, mai ɗauke da lambar harajinsa, a yanki abin da za a yanka a rubuta cikin bauca. Sauran lissafi tsakaninsa da baƙo, nasa ne.

RAJISTA, KAN SARKI, DA DALA

Manyan yarjejeniyoyi da kamfanonin ƙetare suna da wata ƙofa da za su bi, watau hukumar NOTAP ta Abuja, wadda aka kafa a 1979, ta sami sunanta na yanzu a 1992. Ita ke rajistar yarjejeniyar shigo da fasaha, har da lasisin manhaja. Bankin Stanbic IBTC ya yi doguwar shari'a a kan wannan, game da manhajar banki tsakaninsa da uwar kamfaninsa ta Afirka ta Kudu. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce rashin rajista ba ya ɓata yarjejeniya, amma yana hana a aika kuɗin waje ta bankunan Nijeriya. Ofishin gunduma ba safai zai kai nan ba, sai dai in Ƙaramar Hukuma za ta ƙulla babbar kwangila kai tsaye da baƙo.

Kuɗin kan sarki kuma yana nan tun dokar 1939. Tsofaffin malamai sun tuna yadda a ke manna kan sarki a rasit a sa hannu a kansa. Gyaran doka na 2019 ya shigar da takardun da ke cikin kwamfuta, sabuwar dokar 2025 kuma ta haɗiye tsohuwar. Yarjejeniyar da ba a biya mata wannan kuɗi ba ta kan ba mai ita wahala ranar da ya kai ta gaban alƙali.

Sai batun dala. In da dala aka rubuta farashi, haraji ma da ita ya ke tashi. A farkon Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati. Cikin 2024 ta haye 1,500. Lasisin da bai ƙaru da ko sisi ba a takarda ya ninka fiye da sau uku a baitulmali, VAT da riƙo suka bi shi. Yawancin takardun nan kuma suna sabunta kansu in shekara ta cika, sai fa in an rubuta an ce a tsaya kafin ranar. Mutanen Birnin Gwari sun ga yadda aka rufe layukan waya a yankin daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 saboda tsaro. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet ta kwanta wata biyu, amma kwanakin lasisi ba su tsaya ba. Ofishin da ke Kuyello, ko Randagi, ko Dogon Dawa, ya kamata ya tambaya tun farko ko manhajar na aiki in babu layi, kuma me takarda ta ce in aka daɗe ba a samu ba.

ABIN DA KE KAN WANDA YA YI SAKACI

Dokar gudanar da haraji ta 2025 ba ta da wasa. Wanda ya wajaba ya riƙe haraji bai riƙe ba, tararsa kashi 40 cikin 100 ne na abin da ya bari. Wanda ya riƙe bai miƙa ba zai biya kuɗin, da tara, da ruwa, kuma ana iya kai shi kotu. Hukuma ko kamfanin da ya ba da kwangila ga wanda bai yi rajistar haraji ba, tararsa naira miliyan 5 ce. A misalin da ya gabata, akawun da ya biya miliyan guda cif ba tare da yanka ba ya jawo wa ofishinsa tarar 40,000, ga shi kuma kamfanin da ke bayan teku ba zai komo da kome ba.

Ƙa'idodin 2024 sun ba da har ran 21 ga wata mai biye domin miƙa harajin riƙo na Tarayya, ran 30 kuma na Jiha. Wa'adin VAT da aka riƙe ya fi wannan gajarta. Malami mai lura ya kan gama da su duka cikin mako biyu na farkon wata, ya huta.

In shugaban wata ƙungiya ko hedimasta ya kawo irin takardar nan fadar Hakimi, malami ya fara neman sunan mai sayarwa da ƙasarsa da lambar harajinsa. Sa'an nan ya juya can ƙarshe ya karanta sharaɗin haraji da na sabuntawa, ya fassara wa mai ita da Hausa a gaban Hakimi, ya yi masa lissafin jimlar da za ta fita, ba farashin da ke shafin farko ba. In ta ofishin Gwamnati ce, a tura ta wurin Ma'ajin Ƙaramar Hukuma kafin kowa ya sa hannu. Bayan an biya, a haɗa yarjejeniya, da takardar neman biya, da bauca, da rasit na VAT, da rasit na riƙo, cikin fayil ɗaya, a aika wa mai manhaja kofen rasit na riƙo. A bayan fayil ɗin kuma a rubuta ranar da lasisin zai ƙare da jar tawada.